Kafin mu kama hanyar Michika



Saura kwana tara mu tashi. Jakata tana gefen gado a buɗe tun makon jiya, kullum sai na sa wani abu na cire wani. Sakataren zumunta ya ce in rubuta muku yadda shiri yake tafiya, domin waɗanda suka ba da baiko su san inda kuɗinsu ya shiga, masu addu'a kuma su san abin da za su roƙa. Gajeren rahoto na yi niyyar rubutawa. Da na zauna sai na ga ba zan iya ba ku labarin shirin nan ba, in ban ba ku labarin Goggona ba. Na tambaye ta kafin in rubuta, ta ce in faɗa, sunanta kawai zan bari.

Mu tara ne za mu tafi: iyayenmu shida daga Zumuntar Mata, da mu uku daga Zumuntar Matasa, ni da 'yan'uwa maza biyu. Za mu bar Jos da asuba, mu bi ta Bauchi da Gombe da Numan, mu kwana a Yola. Washegari mu bi ta Song da Gombi da Hong da Uba, har wani ƙauye a ƙasar Michika, a gindin duwatsun Mandara, inda iyakar Kamaru ba ta da nisa. Kwana huɗu za mu yi tare da matan ikilisiyar wurin, da yawansu gwauraye ne. A sanarwar da aka karanta a majami'a an ce za mu je ƙarfafa shugabancin mata da warkar da raunin zuciya. Ranar da aka karanta na ji daɗin kalmomin, har na gyara zama don a san ina cikin masu tafiya. Yanzu kam nauyinsu nake ji.

Wasu ƙannenmu da ke zumunta yau suna firamare a shekarar 2014, don haka bari in ɗan koma baya. A watan Afrilu na wannan shekara aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok. A watan Agusta Boko Haram suka kama Gwoza, a watan Satumba suka shiga Michika, a ƙarshen Oktoba suka kama Mubi. Hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu, shugabannin suka dawo nan Jos suka zauna na wani lokaci. Ikilisiya ce da aka kafa a Garkida tun 1923, a cikinta aka haifi babana, kuma yawancin 'ya'yanta a wannan yankin suke. Sojoji sun karɓe garuruwan daga baya, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan, suka tarar da gidaje da rumbuna da majami'u a ƙone. Ba Kirista kaɗai aka kashe ba. Musulmi da yawa sun mutu a hannun mutanen nan, malamai da sarakuna da talakawa.

A cikin wannan gudun Goggo, ƙanwar babana, ta iso gidanmu da yara biyu da zani ɗaya a jikinta. Ta hau dutse ta faɗa ƙasar Kamaru, ta yi kwanaki tana tafiya, ta ɓullo Yola, daga can babana ya aika aka ɗauko ta. Mijinta ne ya ce ta yi gaba da yara, zai kwance awaki ya biyo su. Har yau bai biyo su ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a yi jana'iza ba, babu kabarin da za ta nuna wa 'ya'yanta.

Ina da shekara goma sha biyar lokacin. Aka ce in ba ta gadona in koma tabarma a falo, na ba ta, amma ba da zuciya ɗaya ba. Goggon da na sani mai dariya ce, ita ke mana tatsuniya idan mun je gida hutu. Wannan kuwa sai ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone. Ba ta zama ta ba ƙofa baya. Cikin dare ta tashi tana kiran sunan mijinta, ko ta tashe yara ta ce su sa takalma. In babur ya wuce da gudu, sai ka ga ta ƙame kamar itace. Baƙi suna zuwa gaisuwa, a yi addu'a, a ce mata sai haƙuri, ta ce haƙuri ya zama dole, su tafi.

Daren jajibirin Kirsimeti yaran unguwa suka fara fasa nokawut, kamar yadda suka saba kowace shekara. Goggo tana suyar cincin a tsakar gida. Ƙarar farko ta yi jifa da kasko, ta fizgi yaranta ta shige ƙarƙashin gado da su. Mai ya zuba mata a ƙafa, ko ji ba ta yi ba. Sai da babana ya daɗe yana mata magana da harshen Kamwe kafin ta fito.

Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga taron matasa ba, wuta tana ci a zuciyata, ayoyi cike da bakina. Da safe na ɗauki Littafi Mai Tsarki na same ta a ɗaki tana shafa wa ƙafar magani. Na buɗe 2 Timoti 1:7 na karanta mata, ayar da ke magana a kan irin ruhun da Allah ya ba mu. Na ce mata tsoro ba na Allah ba ne, wanda yake da bangaskiya ba ya ɓuya a ƙarƙashin gado, ta tuba ta tsauta wa ruhun tsoro. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, wadda ba ta taɓa kwana da yunwa ba, tana faɗa wa matar da ta goyi yaro ta hau dutse cikin dare. Goggo ta dube ni ta ce, “Na ji, 'yata. Na gode.”

Daga ranar ban sake ganin hawayenta ba. Na ɗauka nasara ce. Har na tsaya a gaban zumunta na ba da shaida cewa Ubangiji ya yi amfani da ni ya kuɓutar da wata daga tsoro, aka tafa mini. Wataƙila wasunku suna wurin. Sai bayan shekaru ƙanwata ta gaya mini cewa Goggo takan shiga banɗaki ne ta yi ta zuba ruwa a bokiti don kada a ji kukanta.

Asabar uku muka yi muna karɓar horo a ɗakin makarantar Lahadi don wannan tafiya. Maman da ta koyar da mu tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe tana wannan aiki a sansanonin 'yan gudun hijira. Ranar farko ba ta buɗe littafi ba. Ta ɗauki alli ta ce mu faɗa mata duk abin da muke faɗa idan mun je gaisuwar mutuwa. Muka yi ta jerowa tana rubutawa: sai haƙuri, nufin Allah ne, ya tafi wuri mafi kyau, ki yi ƙarfi saboda yara, ki gode wa Allah ke kin tsira, ki manta da abin da ya wuce. Allo ya cika. Sai ta juyo ta ce, “'Ya'yana, a cikin waɗannan duka, wanne ne tambaya?” Muka duba. Babu ko ɗaya. Duka maganganu ne na rufe baki, kuma da kyakkyawar niyya muke faɗarsu.

Ta ce a asibiti idan aka kawo mai miki, ba a fara da ɗaurewa. Sai an wanke, an fitar da mugunya da datti, kuma wankin yana da zafi. Mikin da aka rufe da datti a ciki, fata takan haɗe a sama, ƙasa tana ruɓewa. Haka raunin zuciya yake. Ta bayyana mana yadda ake gane shi. Wani abin da ya faru yakan riƙa dawo masa a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu yake faruwa. Wani yakan guje wa duk abin da zai tuna masa, hanya ko wari ko waƙa, har ya daina jin komai, ba daɗi ba baƙin ciki. Wani kuma kullum a shirye yake ya gudu, ba ya barci, abu kaɗan ya fusata, ya doki yaro a kan abin da bai kai ba. Da yawa sukan zo asibiti da ciwon kai da ciwon ciki da faɗuwar gaba, a auna a rasa cuta. Yara sukan koma fitsarin kwance bayan sun daina.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce jiki yana riga tunani. Jikin da ya koyi cewa ƙara tana nufin mutuwa, da ya ji ƙara zai ruga kafin mutum ya tuna cewa Kirsimeti ake yi. Ba zaɓi ba ne balle a ce zunubi. Ta ce, “Kada wata a cikinku ta je can ta ce wa mace ba ta da bangaskiya don ta firgita.” Ba ta san labarina ba. Na sunkuyar da kai ina ta zane a gefen takarda.

Asabar ta biyu muka karanta 2 Sama'ila sura 13, labarin Tamar. Na yi shekaru a makarantar Lahadi, ɗaliba da malama, ban taɓa jin an yi wa'azi a kan surar nan ba. Amnon ya yi mata fyaɗe ya kore ta. Ta yayyage rigarta, ta zuba toka a ka, ta fita tana kuka a fili, ba ta ɓoye abin da aka yi mata ba. Wanta Absalom ya gane abin da ya faru, ya karɓe ta a gidansa, amma shawarar da ya ba ta ita ce ta yi shiru kada ta riƙe abin a rai. Sarki Dawuda ya ji, ya husata, bai yi komai ba. Labarinta ya ƙare tana zaune a gidan wanta, a kaɗaice. Mama ta tambaye mu, “Wane ne ya tambayi Tamar wani abu?” Absalom ya ba ta ɗaki da abinci, kamar yadda muka ba Goggo. Na ga kaina a cikin surar, kuma ba a wurin da nake so ba.

Daga nan na fara ganin abin da na daɗe ina tsallakewa a cikin Littafi. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai babu wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa, sannan suka ɓata, har a sura ta 42 Ubangiji ya husata da Elifaz da abokansa biyu. Na'omi ta koma Baitalami babu miji babu 'ya'ya, ta ce a canja mata suna domin Allah ya ɗaɗa mata ɗaci, kuma ba a rubuta cewa matan garin sun tsauta mata ba. Su ne dai a ƙarshen littafin suka kewaye ta, su ne ma suka raɗa wa jaririn suna. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, babu ayar yabo a ƙarshe, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ubangijinmu da kansa ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru yana zub da hawaye, alhali ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci. Mu a zumuntarmu muna son waƙoƙin nasara, ni ma ina son su. Amma in mace ta shigo sujada da irin zuciyar Zabura 88, wace waƙa muke da ita da za ta rera ba tare da ta yi ƙarya ba?

Aka raba mu biyu-biyu aka ce mu gwada sauraro. Ɗaya ta ba da labarin wani abu da ya taɓa yi mata zafi, ɗaya ta saurara minti biyar. An yarda ki tambayi abin da ya faru, da yadda ta ji, da inda ya fi mata wuya. Ba a yarda ki kawo aya ba, ko shawara, ko ki ce “ni ma haka ya taɓa faruwa da ni.” 'Yan'uwa, minti biyar yana da tsawo. Kafin minti biyu na riga na shirya ayoyi uku a kaina, na daina jin abin da take faɗa. Da aka juya, ni zan yi magana, na yi niyyar ba da labarin faɗuwa jarrabawa. Sai na ji bakina yana ba da labarin daren nokawut. Maman da aka haɗa ni da ita ba ta ce komai ba har na gama, ta miƙo mini gefen mayafinta. Bayan an tashi ta ce, “Goggon taki tana da rai?” Na ce tana nan, wurinsu ma za mu je. Ta ce, “To, me kike jira?”

Kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ranar Laraba da yamma na kira. Na same ta cikin hayaniya, ta ce suna taron adashe ne, in jira ta fita waje.

“Goggo, ina wuni?”

“Lafiya lau, 'yata. Ya Jos, ya sanyi? Babanki fa, ƙafar ta yi sauƙi?”

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce, “Goggo, kin tuna safiyar Kirsimetin da na karanta miki aya?” Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Sai ta ce ta tuna. Na ce na yi mata laifi, na yi magana a kan abin da ban sani ba, ta gafarta mini. Ban iya ƙarasawa da kyau ba.

Ta ce, “Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce a raina, ashe har yara sun ga bangaskiyata ta ƙare. Amma na yafe tun tuni. Ayar ba ta da laifi, 'yata, lokacinta ne bai yi ba.” Ta ce bayan wajen shekara uku ita da kanta ta sa aka nemo mata ayar, ta haddace ta, domin ranar da za ta fara tsayawa a gaban maigari da ita ta tafi.

Na tambaye ta abin da ya taimake ta a gidanmu, in akwai. Ta ce Mamana. Ashe duk daren da Goggo ta kasa barci, Mama takan tashi ta ɗauko kwandon gyaɗa, su zauna a kicin suna ɓarewa har asuba. Wani dare Goggo ta yi magana, wani dare ba ta ce komai. Mama ba ta taɓa tambayarta dalilin da ya sa ba ta warke ba har yanzu. Ina kwance a falo, taku biyar daga ƙofar kicin, ban taɓa sani ba. Mamana ba ta gama firamare ba, ba ta je horon kowa ba. Da na tambaye ta daga baya, cewa ta yi, “Gyaɗar ai dama tana bukatar ɓarewa.”

Yanzu ga maganar shugabanci. Da aka sa ni cikin tafiyar, na zauna na shirya darasi mai shafi goma sha biyu a kan mace shugaba. Na sa Debora da ta yi shari'a a Isra'ila, da Hulda annabiya wadda Sarki Yosiya ya aika a tambaya, da Lidiya mai sayar da shunayya wadda ikilisiyar Filibi ta taru a gidanta, da Fibi da Bulus ya yaba a Romawa 16, da Maryamu Magadaliya da aka fara aika da labarin tashin Ubangiji. Na ƙara da halaye bakwai na shugaba da na samo a intanet. Na kai wa Mama shugabar Zumuntar Mata ina jiran yabo. Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe, ta ce ya yi kyau. Sai ta ce, “Kin tambaye su ko abin da suke bukata ke nan?”

Ban tambaya ba. Da na sake kiran Goggo na tambaya, ga abin da na ji. Da suka koma a 2016, mata ne suka fi yawa a ƙauyen, kuma an yi watanni babu fasto. Su suka share tokar majami'a, suka jera duwatsu a ƙarƙashin itace, suka riƙa taruwa ran Lahadi. Mai iya karatu ta karanta, mai murya ta ba da waƙa, a buga tulu, Goggo ta yi addu'a. Su suka fara adashe da kuɗin da bai kai na sabulu ba, har ya kai suna saya wa juna awaki bi da bi. Da dangin wani mamaci suka zo ƙwace gona daga hannun matarsa, su suka ɗaura zanin zumunta suka tafi gaban maigari su goma sha, suka zauna har aka yi magana. Su suka san wace ce ba ta fito daga ɗaki ba kwana uku, su je su buga mata ƙofa. Ba zan shiga gardamar naɗa mata aikin fasto a nan ba, ikilisiyoyinmu sun bambanta a kai, kuma ba ni ce zan raba ba. Abin da na sani shi ne an yi sujada a ƙauyen nan kowace Lahadi, kuma an san waɗanda suka riƙe ta. Su ne zan je in koya wa halaye bakwai na shugaba.

Abin da suka roƙa ya fi nawa sauƙi, ya kuma fi shi wuya. Kuɗin adashe ya yi yawa, riƙe lissafi a ka ya fara kawo zargi tsakaninsu, suna so a koya musu rubuta shiga da fita a littafi yadda kowa za ta gane. Suna so su iya rubuta takarda zuwa ga majalisar ikilisiya da ƙaramar hukuma ba sai sun nemi namiji ya rubuta musu ba. Sannan shugabannin sun gaji. Goggo ta ce kowa ita take kawo wa kukanta, wani dare in ta gama jin labarin wata sai nata mafarkin ya dawo. Suna so su san yadda za su ɗauki kayan wasu ba tare da sun karye ba, da lokacin da ya kamata su ce wannan ya fi ƙarfinmu, a kai ta asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lissafin kuɗi na karanta a makaranta, ban taɓa ɗaukarsa aikin bishara ba. Na sayi manyan littattafan rubutu shida da rula da biro ja da shuɗi. Shafi goma sha biyun suna cikin akwati a gida. Labarin Debora da sauran zan tafi da shi a baki, in an ba ni dama a sujadar safe, kuma ina zaton su za su fi ni bayyana shi.

'Yan'uwanmu maza biyu ma sun sha nasu. An gaya musu ba za su shiga ɗakin taro ba, domin akwai maganar da mace ba za ta yi a gaban namiji ba, ko da fasto ne. Aikinsu ɗebo ruwa, da faskare, da dafa abincin rana, da riƙe yara da wasa da zane, don iyayen su samu zama kwana huɗu ba tare da tunanin tukunya ba. Ɗayansu, wanda ya yi shekara biyu a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya ce shi fa ya shirya wa'azi uku. Baba Fasto ya yi dariya ya ce ya je ya karanta Ayyukan Manzanni sura 6, ya ga irin mutanen da aka zaɓa don rabon abincin gwauraye, Istifanus na cikinsu. Yanzu haka yana koyon tuƙa tuwo a wurin mamarsa. An ce na farko ya yi gudaji.

Game da kayan da kuka tara, Ubangiji ya sa albarka. Sabulu da audugar mata da zannuwa sun cika buhu huɗu. Amma ba za mu raba su a wurin taro ba. Matan sun ce in aka ji ana rabo, gari duka zai zo, a yi ta turereniya, wadda ta zo don a saurare ta ta koma gida. Za mu damƙa wa kwamitinsu, su raba bayan mun tafi, su suka san wadda ta fi bukata. Sun kuma sanar da mu cewa akwai maƙwabtansu Musulmi guda uku a cikin adashen, su ma mazajensu aka kashe, kuma za su zo. Wani a cikinmu ya ɗan yi gunaguni a kan haka. Mama shugaba ta ce masu gida sun riga sun gayyaci baƙinsu, mu da muke baƙi ba mu da ta cewa.

Akwai abu ɗaya da nake jin tsoronsa fiye da hanya, shi ne maganar gafara. A can ba magana ce ta littafi ba. Akwai waɗanda ba su gudu ba, ko suka riga kowa dawowa, suka kwashe kayan maƙwabta. Goggo ta ce ƙofar ɗakinta ta ƙarfe, wadda mijinta ya saya da kuɗin wake, tana jikin gidan wani a ƙauyen, kullum tana wuce ta in za ta rijiya. Ubangiji ya umarce mu mu gafarta, ban isa in rage wannan ba. Amma an gargaɗe mu kada mu mai da shi darasin ranar farko, kada mu sa mace ta furta da baki don ta faranta wa baƙi rai, kuma kada mu ce mata gafara tana nufin abin da aka yi ba laifi ba ne, ko ta daina neman hakkinta. An sa shi a rana ta huɗu, kuma ba ɗayanmu ce za ta jagorance shi ba. Wata tsohuwa ce daga cikinsu, wadda aka kashe 'ya'yanta biyu.

Ina roƙonku tun yanzu, kada ku jira hotuna. Ba za mu ɗauki hoton kowa a ɗakin taro ba, ba za mu sa labarin kowa a Facebook ko a dandalin zumunta na WhatsApp ba, ko da an cire suna. Ƙauye ƙarami ne, rabin labari ya isa a gane mai shi. In mun dawo kuka ga shaidarmu gajera ce, dalilin ke nan. Na taɓa mai da ciwon wata shaidata sau ɗaya, ya isa.

Babana bai so tafiyar ba da farko, ko da yake ƙasarsu ce. Yankin ya fi dā sauƙi, amma ba a ce an gama ba. Mun yi alkawari ba za mu yi tafiyar dare ba, kuma in fastocin can suka ce mu dakata, za mu dakata ko da mun kai Yola. Ni ma gabana yana faɗuwa in na tuna, ba zan tsaya a nan in yi muku irin wa'azin da na yi wa Goggo ba.

Ku yi addu'a domin direba da motar, taya biyu sababbi ne, biyu kuwa sai alherin Allah. Ku yi addu'a domin matan da za su buɗe bakinsu karo na farko, su samu barci a daren. Ku tuna da iyayenmu shida, domin biyu a cikinsu sun rasa nasu a rikicin Jos, kuma abin da za su ji zai taɓa tsohon tabo. Ni kuma ku roƙa mini Ubangiji ya riƙe harshena. Za mu yi azumi tare ran Juma'a, a rufe da addu'a a majami'a ƙarfe biyar na yamma, duk mai iko ya zo. Har yanzu muna bukatar fensir mai launi da takardun zane na yara, a kawo wa sakatare kafin Lahadi.

Da za mu yi sallama a waya na tambayi Goggo abin da zan kawo mata daga Jos. Na zaci za ta ce zani. Ta ce dankalin Turawa, irin wanda Mama take soya musu da ƙwai lokacin da suke gidanmu, yaran har yau suna maganarsa. Na sayi rabin buhu jiya, yana bayan ƙofa. Direba ya ce but ya cika, don haka a kan cinyata zai yi tafiyar.